Ranar da Alwatika ta Motsa

Shekara ashirin da bakwai
ina fita daga aji da farin hannu.
Da zare nake zana da'ira:
babban yatsa a tsakiya, alli a bakin zare,
in kewaya kamar akuya a turke.
Ban taɓa jin na rasa komai ba.

Sai ga kwali daga Yawunde.
Shugaban makaranta ya buɗe, ya dube ni:
"Mushe Jibirilla, kai ne babba, kai za ka fara."
Ashe girma ma tarko ne.

Kwana uku aka koya mana a Rumde Ajiya.
Malamin sa'an ɗana na biyu ne.
"Danna nan, Baba. A'a, sau biyu. A hankali, Baba."
Abin da suke kira linzami ya ƙi jin hannuna,
in ja shi gabas, kibiya ta ɓace a arewa.
Kalmar sirri kuwa na rubuta ta
a bayan kwalin maganin hawan jini,
don su biyun kada in manta.

Litinin, aji na uku, yara saba'in da huɗu.
Zafin Garwa ya riga mu zama a benci.
Na kunna majigi da bismillah.
Alwatika ta fito, kai a ƙasa,
rabinta a bango, rabinta a kan taga.
Dariyar da na hana shekara da shekaru
ta ɓalle kamar Binuwai a watan takwas.

Daga bencin ƙarshe Astajam ta miƙe.
Uku bisa ashirin na ba ta a jarrabawar da ta wuce,
har na rubuta da jan biro: ba ta da himma.
Ubanta gyaran waya yake a bakin babbar kasuwa,
ita ke riƙe masa ƙananan kusoshi.
Ba ta nemi izini ba.
Ta tura littafi biyu ƙarƙashin majigi,
ta taɓa wani maɓalli da ban san da shi ba,
duniya ta koma kan ƙafafunta.
Ta ce, "Mushe, kama wancan ɗigon, ka ja."

Na ja.

Alwatika ta miƙe kamar mai tashi daga barci,
ta rame, ta kumbura, ta kwanta kamar kwalekwale.
Wannan kusurwa ta ci, waccan ta yi asara,
lambobi na ta musaya kamar 'yan canji,
amma can ƙasa jimla ta ƙi gusawa:
ɗari da tamanin.
Na ja hagu. Ɗari da tamanin.
Na ja har ta kusa zama sanda.
Ɗari da tamanin.

Na tabbatar da wannan a allo sau nawa?
Na san hujjarsa kamar sunan uwata.
Amma ban taɓa ganinsa yana numfashi ba.
Aji ya yi tsit.
Ni ma na manta ni ne malamin.

Sai wuta ta ɗauke.
Bango ya koma bango.
Na lalubi aljihu, alli na nan, bai yi fushi ba.
Na zana alwatika da hannu, karkatacciya,
sai Hamajoda ya ce, "Mushe, in an ja ta sama fa?"
Yatsu saba'in suka tashi suna jan iska.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
Astajam bakwai ta samu a wata mai bi.
Ni ma da za a gwada ni, bakwai ɗin ne.
Kowace Alhamis bayan la'asar
takan nuna mini inda fayil ke ɓuya,
in biya ta da kashi biyu bisa uku.
Jiya na goge abin da na rubuta da jan biro,
takardar ta ɗan huje.

Zaren yana aljihuna har yanzu.
Wuta a garin nan ba ta da alkawari.